Kakanni Bakwai a Hanyar Otrar

Ba mu yi nisa da fita daga garin Turkistan na kudancin ƙasar Kazakistan ba direban ya rage rediyo, ya dube ni ta madubi, ya yi wata magana da yarensu. Ɗalibin da ke yi mini tafinta ya ɗan yi jim kafin ya juya mini ita da Larabci: "Aga, cewa yake ka lissafa masa kakanninka bakwai." Aga shi ne abin da suke kiran wanda ya girme su, kamar mu ce yaya. Na ambaci mahaifina, na ambaci kakana da mahaifinsa, na kai ga na huɗu wanda ban san komai a kansa ba sai sunansa da cewa marini ne. Nan na tsaya. Direban ya saki sitiyari da hannu ɗaya yana lanƙwasa yatsu, ya jero nasa tiryan-tiryan har bakwai, ya ɗora da sunan zuriyarsu, ya rufe da babban rukunin da zuriyar take ciki, don Kazakawa rukuni uku ne manya. Wannan ilimi suna ce masa jeti ata, kakanni bakwai, kuma bisa al'adarsu waɗanda suka haɗa kaka a cikin bakwai ɗin nan ba sa auren juna. Sai ya sake tambaya, da gaske yake son sani: "To ku da me kuke gane naku?"

Na ce masa sai mun dawo zan ba shi amsa. Gaskiyar magana tambayar tasa ce ta fito da ni daga Kano tun farko.

Na yi shekaru ina karantar da falsafar Musulunci, kuma duk shekara kalma ɗaya ce take hana mu ci gaba da darasi: al'umma. Mu Hausawa mun aro ta daga Larabci mun ɗora mata kaya fiye da na jakin fatake. Al'ummar Annabi, al'ummar Hausawa, al'ummar Najeriya, al'ummar unguwarmu da ake roƙo su fito yashe kwata, duk da kalma guda. Cikin masanan da suka zauna suka yi wa kalmar nan tunani na tsanaki, ban san wanda ya kai Abu Nasr Alfarabi ba, wanda ake yi wa laƙabi da Malami na Biyu, na farkon shi ne Aristotal. Shi ya sa da wani taron malaman jami'a ya kai ni Almati, birni mafi girma a Kazakistan, a watan Oktoba, na ga ina da rarar kwana huɗu, ban yi wata-wata ba na yanki tikitin jirgin ƙasa zuwa kudu, yankin da Larabawa suke kira Farab, wanda ake danganta Alfarabi da shi.

A Almati mutum ba ya kuɓuta daga sunan Alfarabi. Babbar jami'ar ƙasar sunansa take ɗauke da shi tun 1991, shekarar da Kazakistan ta fita daga Tarayyar Sobiyet. Wani ƙaton titi da ya bi gindin duwatsu masu ƙanƙara shi ma Alfarabi ake ce masa. A wurin wani mai sayar da tsofaffin kaya na sayi takardar kuɗi ta tenge ɗaya, cikin na farko da ƙasar ta buga a 1993, da hotonsa a jiki: dattijo mai rawani da siririn gemu. Mai zane ne ya ƙago fuskar, domin babu wanda ya bar mana kamanninsa. Asalinsa ma tun da can ana ja. Ibn Khallikan ya ce Baturke ne. Ibn Abi Usaibi'a ya ce mahaifinsa shugaban mayaƙa ne ɗan asalin Farisa. Ibn Nadim ya danganta shi da Faryab ta Khurasan, wadda yau take cikin Afganistan. Yau Kazakistan da Iran da Turkiyya kowacce tana cewa nata ne. Shi kuwa, a duk abin da na karanta nasa, ban ga inda ya tsaya ba da labarin gidansu ba.

Kwana muka yi a jirgi. Mun wuce Taraz da Shimkent cikin duhu, gari ya waye mana a wani fili fetal wanda ido ba ya ganin ƙarshensa, babu bishiya, sai busasshiyar ciyawa da garken dawaki da raƙuma masu tozo biyu. A Turkistan na wuni a hubbaren Khoja Ahmad Yasawi, shehin sufaye wanda ya rasu a 1166. Taimur, mayaƙin sarkin nan na Samarƙand, ne ya sa aka tayar da wannan gini mai shuɗiyar kubba, ya mutu ba a ƙarasa ba, har yanzu gumagumai na maginan farko suna nan a soke a jikin babbar ƙofa. A tsakiyar zauren akwai wata tukunyar tagulla mai nauyin kusan tan biyu, wadda aka kwashe zuwa Leningirad ta Rasha a 1935 aka dawo da ita a 1989. Abin da ya fi tsaya mini a rai game da Yasawi shi ne waƙoƙin wa'azin da ake jingina masa da harshen Turkawa suke, irin yadda su Nana Asma'u suka yi da Fulatanci da Hausa. Alfarabi, da ake cewa an haife shi tafiyar sa'a guda a mota daga nan, duk abin da ya iso mana nasa da Larabci ne.

Washegari ne muka kama hanyar Otrar, tsohon birnin yankin Farab, kimanin kilomita 60, da direban nan mai kakanni bakwai. Mun tsaya a hubbaren Aristan Bab, wanda mutanen wurin suke cewa shi ne malamin Yasawi, muka ɗanɗani ruwan rijiyarsa mai gishiri, muka wuce.

Otrar kufai ne. Daga nesa tudu ne kawai mai faɗi a tsakiyar fako, sai ka matso ka ga ƙofar da aka sake ginawa kwanan nan da ramukan masu haƙar tarihi. Na hau sama iska mai sanyi tana kaɗa babbar rigata. Ƙarƙashin ƙafata ga ɗakunan mutane a jere, ga gurbin tanderu, ga lungu wanda jaki biyu ba za su gifta juna a ciki ba, ga tsingaro ko'ina, wani da sauran koren fenti a jikinsa. Wanda ya san tsohon birnin Kano ko Zariya ba sai an yi masa bayanin lungunan nan ba. Ta yamma, inda ido ba ya kaiwa, kogin Sir Darya yake, wanda Larabawa suke kira Saihun, kuma Ibn Hauƙal, masanin labarin ƙasa, ya ce daga wani ƙaramin gari na yankin mai suna Wasij Alfarabi ya fito. Wajen shekara ta 870 ke nan.

Na sami gindin wani bango na zauna, na fito da littattafansa biyu da na zo da su, Ara'u Ahlil Madinatil Fadila da Assiyasatul Madaniyya. Ɗalibin ya zauna kusa da ni. A Alƙahira ya yi karatu, fiƙihu ya sani sosai, amma ya ce mini Alfarabi a wurinsu sunan titi ne da jarrabawar tarihi, bai taɓa buɗe littafinsa ba. Sai muka karanta tare.

Alfarabi ya fara ne daga cewa mutum shi kaɗai ba ya iya biya wa kansa bukata, balle ya kai ga kamala, dole sai da taron wasu. Tarukan nan ya kasa su biyu. Gida da layi da unguwa da ƙauye, waɗannan ba su cika ba, don ba sa tsayawa da ƙafarsu. Cikakku uku ne: ƙarami shi ne birni, matsakaici shi ne umma, babba shi ne taron dukan al'ummai a faɗin duniyar da mutane ke zaune. Umma a bakinsa tana tsakiya, birane suna cikinta, ita kuma tana cikin abin da ya fi ta. Da me ake bambanta wata umma da wata? Ya ce da abu uku. Biyu na halitta ne, wato ƙirar jiki da ɗabi'a. Na ukun mutane ne suka ƙulla shi a tsakaninsu ko da yake yana da saiwa a halitta, shi ne harshe.

Ɗalibin ya ɗaga kai ya ce, "Aga, ina addini a ciki?"

Tambayar da ɗalibaina suke yi ke nan a Kano, kusan da kalmomi iri ɗaya. Na ce masa addini yana nan, amma kalma daban ya ba shi: milla. A littafinsa na Milla ya ce mutanen da addini ya tara suna iya zama dangi, ko birni, ko yanki, ko babbar umma ɗaya, ko al'ummai masu yawa. Musulunci shi ne na ƙarshen nan. Saboda haka ni da shi milla ɗaya muke, umma biyu. Malaman fiƙihu ba haka suka yi amfani da kalmar ba. Almawardi, wanda ya rasu a Bagadaza a 1058, idan ya ce umma yana nufin jama'ar Musulmi da wajibi ne a naɗa musu imami mai tsare addini da tafiyar da duniya. Dukan ma'anonin biyu suna da gindi a Larabcin Alƙur'ani, kuma ayar da ta ce an sanya mu jama'u da ƙabilu don mu san juna, da wadda ta lissafa bambancin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah, ba baƙi ba ne ga kowane almajiri. Ina ganin abin da Alfarabi ya gani da idonsa ne ya sa shi rabe kalmomin. A zamaninsa halifofi uku ne a lokaci guda: na Abbasiyawa a Bagadaza, na Faɗimiyawa a Arewacin Afirka tun 909, na Umayyawa a Ƙurɗuba tun 929. A Bagadaza kanta sojojin Turkawa da na Dailam ta Farisa ne suke juya fada. Mutumin da ya taso daga bakin Saihun, ya koyi manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin tunani da kafa hujja, a wurin malamai Kiristoci irin su Yuhanna bin Hailan, ya koyi nahawu a wurin Ibnus Sarraj, ba zai iya yin kamar bai ga al'ummai ba.

Yaron ya yi shiru, sannan ya ce su a yarensu ai kalmomin a rabe suke. Al'ummar Annabi umbet suke cewa. Kazakawa a matsayin jinsi guda ult ne. Jama'a halik, ƙasa da mutanenta el. Na rubuta su a bayan littafin. Ya ƙara da cewa ko a yau ana bambanta Bakazake da ɗan Kazakistan, don ƙasar cike take da jikokin waɗanda Stalin ya kwaso ya zube a nan: Koriyawa a 1937, Jamusawa a 1941, Ceceniyawa a 1944.

Rana ta yi tsaka direban ya ce ba za mu bar yankin ba sai mun ci abinci a gidan yayarsa a Shaulder, ƙauyen da gidan adana kayan tarihin Otrar yake. Aka shimfiɗa mana a ƙasa, aka kawo shayi da madara a ƙananan kwanoni, da soyayyen fulawa mai kama da fanke, da nonon raƙumi mai tsami da suke kira shubat. Sai ga babban faranti na beshbarmak, faffaɗar taliya da nama a kai. Naman doki ne. Na ce wa ɗalibin ya ba uwar gida haƙuri, a mazhabar Malikiyya da na tashi a ciki ba ma cin doki. Na ji nauyin faɗin haka ƙwarai, don na ga irin hidimar da aka yi. Matar ta dafa ƙirji ta ce, "Baƙon Allah ne, kada ya damu," ta shiga ciki ta fito da naman rago. Mijinta, wani dattijo mai haƙoran zinariya, ya yi ta mamakin a ce akwai Musulmi masu dawaki da ba sa ci, ni kuma na ba shi labarin hawan sallah.

A kan tabarmar nan na tuna yadda Alfarabi ya bi salsalar bambancin al'ummai. Ya ce sassan sama da suke fuskantar kowace ƙasa sun bambanta, daga nan tururin ƙasa da iska da ruwa suka bambanta, sai tsirrai da dabbobi, sai abinci, daga abinci sai jiki da ɗabi'a. Mutumin fako mai sanyi da garken dawaki ya ci doki, mutumin ƙasar gero ya sha fura. Zuwa nan ban da ja. Amma wannan hanya ta danganta hali da yanayi tana da rami, kuma a kanmu aka fi faɗawa cikinsa. Ibn Khaldun, wanda nake girmamawa, ya yi daidai da ya ƙaryata masu cewa baƙar fata gadon la'anar Hamu ce, ya ce zafin rana ne. Sai kuma ya zarce ya ce zafin nan ne ya sa baƙaƙe rawar kai da son rawa. Wannan ban karɓa ba, kuma duk shekara ina gaya wa ɗalibaina ban karɓa ba. A zamanin da yake rubuta haka, a 1377, Mali tana da alƙalai da malamai da mahajjata waɗanda shi da kansa ya ɗauki tarihin sarakunansu daga bakinsu.

Cikin ukun nan harshe ne Alfarabi ya fi daɗewa a kai, kuma nan ne na fi jin yana magana da ni. Lokacin da yake Bagadaza an yi wata shahararriyar muƙabala a majalisar waziri Ibnul Furat tsakanin Abu Sa'id Assirafi, masanin nahawu, da Abu Bishr Matta, masanin manɗiƙi. Assirafi ya ce manɗiƙin nan nahawun Girkawa ne kawai, me Balarabe zai yi da shi? Matsayin Alfarabi shi ne nahawu yana ba da ƙa'idojin lafuzzan umma guda, manɗiƙi kuwa yana ba da ƙa'idojin da lafuzzan dukan al'ummai suka yi tarayya a ciki. Gaskiya ɗaya ce, amma kowace umma da misalan da ta saba da su ake kusanto mata da ita. Kazakawa sun san zafin a taɓa wa mutum harshe: da haruffan Larabci suke rubutu har 1929, aka mayar da su na Latin, a 1940 aka mayar da su na Rasha, yanzu kuma tun 2017 ana shirin komawa Latin. Da na ba dattijon labarin ajami da boko, ya daɗe yana gyaɗa kai.

Da la'asar na roƙi direban mu koma kufan, don akwai babin da ban karanta wa ɗalibin ba, kuma shi ne dalilin zuwana. A ƙarshen Madinatul Fadila Alfarabi ya jero ra'ayoyin mutanen biranen jahilci game da abin da ke ɗaure mutane. Wasu sun ce haɗa kaka ɗaya. Wasu sun ce auratayya. Wasu sun ce rantsuwa da alkawari. Wasu sun ce zama wuri ɗaya. Wasu kuma sun ce kamannin halitta da ɗabi'a da tarayya a harshe, don haka ya kamata 'yan umma ɗaya su so junansu su ƙi wanda ba nasu ba. Abubuwa ukun nan dai da ya ce da su ake gane umma, su ne ya sake kawowa a nan, a cikin jerin ɓata. Na daɗe ina juya wannan kafin na fahimce shi. Bai musa cewa al'ummai sun bambanta da waɗannan ba. Abin da ya ƙi shi ne a mai da su dalilin so da ƙi. Umma ta gari a wurinsa ita ce wadda biranenta suke taimakon juna a kan abin da ake samun sa'ada da shi, wato tsira da kamalar rai, kuma duniya ta gari ita ce wadda al'ummanta suke yin haka a tsakaninsu. Wadda ta taru don tara dukiya kawai, ko don a girmama ta, ko don ta danne wasu, ya sa ta a jahilci ko da harshenta ɗaya ne kuma kakanta ɗaya.

A kan tudun Otrar wannan magana tana da nauyi. A nan ne a 1218 gwamnan garin, Inalcuk, ya kama ayarin fatake kimanin 450 da suka zo daga wajen Jankis Khan, sarkin Mangol, ya ce 'yan leƙen asiri ne, aka kashe su aka kwashe dukiyar. Fataken nan Musulmi ne, shi ma gwamnan Musulmi ne. Shekara ta zagayo Mangol suka kewaye garin wata biyar, kuma wutar da ta tashi daga nan ba ta tsaya ba sai da ta ci Bukhara da Samarƙand. A nan kuma Taimur ya mutu a watan Fabrairu na 1405 yana kan hanyar yaƙar Sin. Shekara huɗu kafin haka, a bayan ganuwar Dimashƙa, ya zauna da Ibn Khaldun, mutumin da ya ce mulki da asabiyya ake kafa shi, wato ƙarfin 'yan'uwantaka, ya kuma ce ita nasaba abu ce ta zato, amfaninta kawai haɗin kan da take haifarwa. A Dimashƙan nan Alfarabi ya rasu a 950, yana da kimanin shekara 80, aka binne shi a maƙabartar Babus Sagir, nesa da kogin da ake cewa an haife shi a bakinsa.

Ina zaune na tuna wani yaron maƙwabtanmu. A Kano aka haife shi, a Kano aka haifi mahaifinsa, ba ya jin kowane yare sai Hausa, amma da ya zo neman gurbin karatu aka ce ya je ya kawo takardar asali daga wata jiha da bai taɓa kwana a cikinta ba. Ranar da ya dawo ya gaya mini, ban sami abin ce masa ba. Abin ya fi yi mini ciwo don mu ne bai kamata mu yi haka ba. Hausa ta haɗiye Barebari da Buzaye da Nufawa da Fulani da Larabawan Gadamus, ta mai da su 'yan gari. Bahaushen zangon Kumasi da na bakin Shuɗin Nilu a Sudan ba sa tambayar juna kaka na bakwai kafin su ci tuwo a kwano ɗaya.

Rana ta kusa faɗuwa muka sauko. A mota na ce wa ɗalibin ya gaya wa direban ga amsarsa: mu da baki muke gane namu, da gaisuwa, da kunya, da yadda mutum yake zama da mutane, wanda ya iya waɗannan ya zama namu ko daga ina kakansa ya zo. Direban ya yi tafiya mai ɗan nisa bai ce komai ba. Can ya ce a shekarun yunwa, daga 1930 zuwa 1933, lokacin da mutanensu fiye da miliyan ɗaya suka mutu, sunayen nan bakwai ne suka sa marayu suka gane danginsu, shi ya sa ba ya wasa da su. Sannan ya ce kakarsa ta raini wata yarinya Baceceniya tare da 'ya'yanta, kuma har ta mutu ba wanda ya isa ya ce ba 'yar gidan ba ce.

Ya tsaya a bakin hanya inda wata mata take sayar da kankana, ya zaɓi ɗaya ya ƙwanƙwasa, ya sa a bayan mota. Ya ce in maimaita masa sunan kakana na huɗu, marinin nan. Na faɗa, ya gwada sau biyu kafin harshensa ya kama, sannan ya tayar da mota muka nufi tasha.